Kowane Baiti da Mai Shi: Yadda Ake Kawo Waƙa a Rubutun Nazari

A ƙasarmu ta arewacin Kano, tun daga Dawakin Tofa har Bichi da Ɗambatta da Makoɗa, da wuya mutum ya taka wurin da ba shi da mai shi. Gona tana manne da gona, abin da ya raba su bai wuce siririn layin gamba ba, amma kowa ya san inda tasa ta tsaya. Har itatuwa ma da masu su. Sai ka ga ɗorawa tsaye a gonar wani, kalwarta kuwa ta wani gida ce, domin haka rabon gado ya faɗa tun zamanin kakanni. Yaron da ya tashi a nan ya san wannan tun kafin a sa shi makaranta. Abin da yake ɗaure mini kai, a shekarun da na yi ina koyar da Hausa a sakandare, ina kuma duba wa ƙannenmu na kwalejojin ilimi kundayen kammala karatunsu, shi ne yadda wannan yaron, da zarar ya riƙi alƙalami, yake ɗaukar waƙa tamkar makiyayar da ba ta da iyaka. Ya tsinko baiti, ya dasa shi a tsakiyar zancensa, ya rubuta "wani mawaƙi ya ce", ya wuce abinsa.

Galibinsu ba da mugun nufi suke yi ba. An koya musu tsarin kawo madogara na APA ko na MLA, waɗanda aka shirya a Amurka domin littafin da ke da marubuci guda, da shekarar bugu guda, da lambar shafi. Waƙar Hausa kuwa sau da yawa ba ta zuwa a haka. Wata a bakin makaho take ranar kasuwa, wata a takardar ajami cikin gafakar malam, wata a kaset ɗin da ya sha rana. Idan ɗalibi ya nemi shekara da shafi bai samu ba, sai ya haƙura da komai. Abin da ke biye shi ne yadda nake bayyana wa ɗalibaina al'amarin, daga mai sauƙi zuwa mai wuya.

Siffar baiti a kan takarda

Rubutacciyar waƙa tana da baiti, baiti yana da ɗango. Akwai gwauruwa mai ɗango ɗaya, akwai 'yar ƙwar biyu, da uku, da huɗu, da biyar. Inda ɗango ya ƙare nan amsa-amo yake zaune, nan kuma kari yake cika, saboda haka wanda ya jera ɗangogi a layi guda kamar zube ya rushe ginin da mawaƙi ya sha wahalar yi. Ƙa'idar MLA ta ce idan abin da za a kawo bai wuce layi uku ba, a sa shi cikin jimla tsakanin alamun zancen wani, a raba layi da layi da karkataccen kara. Idan ya wuce uku, a ware shi daban, a ɗan shigar da shi ciki daga gefen shafi, ba tare da alamun zance ba. Tsarin APA kuwa kalmomi yake ƙirgawa, daga 40 zuwa sama ake warewa. Shawarata ga mai nazarin waƙar Hausa ita ce, muddin cikakken baiti zai kawo, ko 'yar ƙwar biyu ce, ya ware shi, kowane ɗango a layinsa. Da haka mai karatu zai ga ƙaramin amsa-amo na cikin baiti, ya kuma ga babban da ke ratsa waƙar daga farko zuwa ƙarshe.

Bayan baitin sai a faɗi mawaƙi, da sunan waƙa, da lambar baiti. Lambar baiti ta fi lambar shafi amfani, domin shafi yana sauyawa daga bugu zuwa bugu, baiti na goma sha biyu kuwa yana nan a na goma sha biyu sai in an taɓa waƙar. Idan littafin bai sa lambobi ba, ɗalibi ya ƙirga da kansa, ya faɗa sau ɗaya a farkon aikinsa cewa shi ya ƙirga. Idan waƙar kashi-kashi ce, kamar Imfiraji ta Aliyu Namangi, a faɗi waƙa ta nawa, sannan baiti na nawa. Wanda ya tsallake ɗango a tsakiya ya sa ɗigo uku a gurbinsa. Amma a kula, akwai tsallaken da yake zama ƙage. Mawaƙi yakan kawo maganar abokin hamayya a baiti ɗaya domin ya rushe ta a na gaba. Wanda ya ɗauki na farko ya bar na biyu ya sa wa mawaƙin maganar da ya tashi yaƙa.

Kada a gyara wa mawaƙi baki

Ɗalibin da ya sha horo a kan Daidaitacciyar Hausa hannunsa yakan yi ƙaiƙayi idan ya ga Sakkwatanci ko Katsinanci. Ya ga baƙi mai shadda inda Kananci ba ya yi, ya ga kalmar da aka gutsure ko aka ja, sai ya miƙe ta. Wannan ɓarna ce. Karin rubutacciyar waƙar Hausa a kan nauyin gaɓa yake tafiya, doguwa da gajera, kamar yadda M. K. M. Galadanci da waɗanda suka biyo bayansa suka nuna dangantakarsa da arulin Larabci. Ƙara gaɓa ɗaya ko rage ta yana karya ƙafar waƙa. Wanda ya mayar da harshen Narambaɗa ko na Ɗanƙwairo Kananci ya raba su da muryarsu. A kawo kalma yadda mai ita ya furta, in tana bukatar bayani a yi shi a ƙasa.

Haka nan baƙaƙe masu lanƙwasa. Wayar hannu da kwamfuta sun saba wa yaranmu rubuta k a gurbin ƙ, da d a gurbin ɗ. A saƙon gaisuwa ana iya ganewa, a baitin waƙa kuwa baki da baƙi ba ɗaya ba ne, kafa da ƙafa ma haka. Boko ma a kan kansa yana da gibi, tunda ba ya nuna tsawon wasali: garin da ake zama da garin da ake tuƙa tuwo rubutunsu ɗaya. Ajami ya fi shi a nan, domin yana nuna dogon wasali. Saboda haka wanda ya juyo waƙa daga ajami zuwa boko ya riga ya yanke hukunci a wurare da dama, ko ya sani ko bai sani ba, kuma wajibi ne ya faɗa cewa shi ya juya, ya ambaci takardar da ya juyo daga gare ta, da wanda take hannunsa, da garin da take. Idan ya tabbata akwai kuskuren ɗab'i a littafi, ya kawo abin yadda yake, ya yi bayani a ƙasa. Gyaran ɓoye shi ne yake haifar da waƙa biyu inda da ɗaya ce.

Wane ne mai waƙar?

Tambayar tana da sauƙi a baki, amma misali ɗaya ya isa ya nuna zurfinta. Waƙar Tabbat Haƙiƙa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ne ya yi ta da Fulatanci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ita ta mayar da ita Hausa. Ɗansa Isa kuma ya yi mata tahamisi, wato ya ɗora ɗango uku nasa a kan kowane ɗango biyu na asali. Ke nan a baiti guda mai ɗango biyar akwai hannun mutum uku: ukun farko na Isa ne, biyun ƙarshe ma'anarsu ta Shehu ce, lafazinsu na Hausa na Asma'u. Ɗalibin da ya kawo ɗango na biyu ya ce "Shehu ya ce" ya ba uba abin ɗa. Wanda kuma ya yi sharhin gwanintar Shehu wajen zaɓen kalmomin Hausa a wannan waƙa ya share aikin Asma'u gaba ɗaya. Wannan ita ce ɗorawar da ke gonar wani, kalwarta ta wani.

Akwai kuma hannun mai tarawa da mai tacewa. Sa'adu Zungur ya rasu a 1958, littafin da Ɗandatti Abdulƙadir ya yi a kan waƙoƙinsa da rayuwarsa kuwa a 1974 ya fito a Zariya. Idan ɗalibi ya rubuta sunan Zungur ya bi shi da 1974 kawai, ya sa mamaci wallafa littafi shekara 16 bayan rasuwarsa. Idan ya rubuta sunan Abdulƙadir kawai, ya ba shi waƙar da ba tasa ba. Daidai shi ne a cikin rubutu a ambaci mawaƙi da waƙarsa da baiti, a ce kamar yadda ta zo a littafin wane, sannan a jerin manazarta a kawo littafin da sunan wanda ya tace shi. Haka ake yi da Fasaha Aƙiliya, wanda waƙoƙin na Aƙilu Aliyu ne, tacewar ta Ɗalhatu Muhammad, da kuma tarin ayyukan Nana Asma'u da Jean Boyd da Beverly Mack suka fitar a 1997.

Namangi kuma makaho ne, da baki ya yi waƙoƙinsa, wasu suka rubuta. Har yau almajirai da makafi suna rera Imfiraji a kasuwanninmu, kuma abin da kunne zai ji a kasuwar Ɗambatta ba lallai ya zo daidai da abin da aka buga a Zariya ba: wani baitin ya faɗi, wani ya sauya wuri, wata kalmar ta rikiɗe. Duka biyun abin nazari ne. Laifin shi ne mutum ya rubuto daga bakin mai bara ya jingina wa littafi, ko ya kwafo daga littafi ya ce a kasuwa ya ji.

Yaushe aka yi ta?

Malamanmu na da ba su bar mu cikin duhu ba. Da yawansu sukan rufe waƙa da sunansu, da adadin baitocinta, da ramzi, wato shekarar Hijira a dunƙule cikin haruffa. Adadin baitocin nan ma'auni ne: in mawaƙi ya ce ɗari ne, takardar hannunka ta ba ka casa'in da shida, ka san akwai abin da ya ɓace, kuma ya kamata ka sanar da mai karatu. Ramzi kuwa yana da tarko. Lissafin haruffa iri biyu ne, na Gabas da na Magariba, kuma na Magariba malaman ƙasar Hausa suka bi. A nasu, shin dubu ne, ra ɗari biyu, kaf ashirin, ha ƙarami takwas. Idan suka haɗu sun ba da 1228, wadda ta yi daidai da 1813. A lissafin Gabas shin ɗari uku ne, sai haruffan nan su ba da 528, waƙar ta koma baya da shekara 700. Ɗalibin da ya ɗauko jadawali daga intanet bai duba ko na wane ɓangare ba ne zai iya kai waƙar zamanin jihadi ƙarni na 12. Sannan shekarar Hijira takan ratsa shekaru biyu na Miladiyya: 1218 ta fara a 1803 ta ƙare a 1804, a cikinta aka yi hijira daga Ɗagel zuwa Gudu. In ba a san wata ba, a rubuta shekarun biyu.

Waƙar baka

A nan tsarin littafi yake gajiya gaba ɗaya. Waƙar makaɗi ba ta da baiti irin na rubutacciya; tana da gindi, tana da ɗiya, ɗa kuma yana da saɗaru, kamar yadda Sa'idu Muhammad Gusau ya shimfiɗa a Jagoran Nazarin Waƙar Baka. Tana da jagora, tana da 'yan amshi, kuma wajibi ne mai rubutawa ya nuna a gefen kowace saɗara wanda ya faɗe ta. A waƙoƙin fada sau da yawa jagora yakan fara magana 'yan amshi su ƙarasa ta, har su yi ƙari. Wanda ya haɗe su ya ɓoye yadda ƙungiyar take aiki.

Babban abin lura shi ne makaɗi ba ya maimaita waƙa sak. Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya rera Bakandamiya sau da dama a wurare daban-daban, kowane rerawa da abin da ya shigo da abin da ya fita, gwargwadon wanda ke zaune a wurin da abin da ya faru a lokacin. Saboda haka cewa "Shata, Bakandamiya" bai isa madogara ba. A faɗi wane ɗauka ne: faifan garmaho ne, ko kaset, ko na taskar gidan rediyo, ko na wani biki, tsawonsa minti nawa, ɗan da aka kawo ya fara a minti na nawa. Minti da daƙiƙa su ne lambar shafin waƙar baka. Idan daga YouTube aka samo, a faɗi haka, da sunan tashar da ranar da aka saurara, amma kada a ɗauki ranar da aka ɗora waƙar a matsayin ranar da aka yi ta. Na sha ganin kundin da ya ba waƙar Shata shekarar da ta zo bayan rasuwarsa da shekaru goma sha, don kawai ita ce ke rubuce a ƙarƙashin bidiyon. Sunan da aka liƙa wa waƙa a Facebook ko WhatsApp shi ma ba hujja ba ne. Muryar wani ake sa wa hoton wani kullum. Inda ba a san shekara ba, a rubuta cewa babu kwanan wata. Gurbin da aka bari a fili wani zai iya cike shi gobe, shekarar da aka ƙaga kuwa sai ta yi ta yawo daga kundi zuwa kundi.

Waɗanda ba su da littafi ko faifai

Wannan shi ne ɓangaren da ya fi damuna, domin ya shafi mutanen da nake gaisawa da su kullum. Kowace shekara ɗalibai suna dawowa ƙauyukanmu da waya a hannu, suna ɗaukar waƙoƙin daka da na niƙa, da na raino, da na gaɗa, da na aikin gayya. Injin niƙa ya kusa kashe dutsen niƙa, waƙar da ke tafiya da shi ma tana bin sa. Tsohuwar da ta zauna ta rera wa ɗalibi waƙa goma wataƙila ita ce ta ƙarshe da ta san su a unguwarsu. Sai ka buɗe kundin ka tarar an jera sunayen farfesoshi da shekarunsu daidai wa daida, ita kuwa an ce "wata tsohuwa". Ko garin ba a faɗa ba.

Haƙƙinta ne a rubuta sunanta in ta yarda, da kimanin shekarunta, da ƙauyenta da gundumarsa, da ranar da aka ɗauka, da yanayin da aka ɗauka: tana cikin aikin ne, ko roƙonta aka yi ta rera a zaune? A tambaye ta kuma daga wa ta koya. Amsar takan zama kakarta, ko kishiyar uwarta da aka auro daga wajen Kazaure ko Daura, kuma wannan jimla guda tana nuna hanyar da waƙa ta bi ta shigo gari, abin da ba wani littafi da zai faɗa.

Sai dai yarda sharaɗi ce. Waƙar niƙa cike take da habaici ga kishiya da uwar miji, wani lokacin har da suna. A wurin da gida ke jingine da gida, kuma kowa ɗan'uwan kowa ne, kundin da ya dawo gari ɗauke da sunan mai habaici da na wadda aka yi wa zai iya tayar da rigimar da za ta kai gaban dagaci, ko ta taɓa aure. A gaya wa mai waƙa inda maganarta za ta je tun kafin a kunna waya. In ta ce a sakaya sunanta, a sakaya, a rubuta cewa an yi haka bisa bukatarta, a bar gunduma da kwanan wata. Sunan wanda aka yi wa zambo, in mutum ne mai zaman kansa da ke raye, a cire shi a nuna gurbin. Sakaya suna don kare mutum daban, share shi don an raina shi daban, kuma mai karatu yana iya bambancewa.

Abin da muka gada

Wasu ɗalibai suna ganin duk wannan ɗabi'ar Turawa ce da jami'a ta ɗora mana. Nakan tuna musu cewa malaman Hadisi sun gina ilimi sukutum a kan isnadi, wane ya ji daga wane. Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Ida'un Nusukhi domin ya lissafa malaman da ya yi karatu a wurinsu da abin da ya karanta. A Tazyinul Waraƙati, wanda ya kammala a 1813, ya tara waƙoƙinsa na Larabci, yana faɗin dalilin kowace da lokacin da ya yi ta, shi ya sa littafin ya zama madogarar tarihin jihadi har yau. Masu kwafar littattafai da hannu sukan rufe da sunansu da sunan mai takardar. Ko a zauren karatu na ƙauye, malami ba ya jan baƙi sai ya yi wa mawallafi addu'a da sunansa. Abin da APA da MLA suka ƙara shi ne tsarin jerawa, wato inda waƙafi zai zauna da inda shekara za ta shiga. Wannan kowane sashe na jami'a ko kwaleji yana da wanda ya zaɓa, ɗalibi ya tambaya ya bi, ya kuma tsaya a kan guda daga farkon aiki zuwa ƙarshe.

Ma'aunin da nake ba su kafin su miƙa aiki guda ɗaya ne. Su ɗauki kowane baiti da suka kawo, su ƙaddara wani ɗalibi a Sakkwato ko Maraɗi, wanda bai san su ba, yana son ya gano shi bayan shekara ashirin. Da abin da suka rubuta a ƙarƙashin baitin, zai iya kai hannu ga littafin, ko takardar, ko faifan, ko ƙauyen? In ya kai, zai tarar da kalmomin yadda aka kawo su, a bakin wanda aka ce ya faɗe su? In amsar ta zama e a duka biyun, madogarar ta cika ko da an yi kuskuren waƙafi. In ta zama a'a, sai a koma a nemo abin da ya rage tun masu waƙar da masu ajiyarta suna raye.